Do-re-mi da kalangu: abin da mai shirin karatun kiɗa a Garwa ko Marwa ya kamata ya sani

Karatun kiɗa a makaranta kashi uku ne, ko a ina aka je: tarihin kiɗa, darasin sauraro, sai nazarin ƙa'idoji, wanda a tsarin Faransanci da muke bi a Kamaru da Cadi ake fara shi da solfej, wato koyon karanta rubutun kiɗa da rera shi da do-re-mi. A Amurka ƙananan kwalejojin nan na shekara biyu suna koyar da kowanne a matsayin darasi mai zaman kansa, har mai sana'a ya kan yi rajista ya riƙa zuwa da yamma. Mu a nan ƙofofin ba su kai haka yawa ba. Akwai makarantun fasaha na Fumban da Nkongsamba a kudu, Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 ita ma tana da tata, sai cibiyoyin al'adu na Garwa da Njamena. In ka cire waɗannan, mafi yawan masu iya karanta rubutun kiɗa a arewa, ko dai a ƙungiyar mawaƙan coci suka koya, ko a ƙungiyar badujala ta soja.

Duk ƙofar da ka bi, ɗan'uwa, ka riƙe abu ɗaya. Solfej mudu ne, kuma an sassaƙa shi daidai da fiyano da waƙar Turai. Ka koye shi sosai, domin babu jarrabawar da za ka ci ba tare da shi ba, amma ka san inda yake tauye awo idan aka zuba masa goge ko algaita.

Mu fara da sunayen, don nan ne ake fara ruɗewa. Do, re, mi, fa, sol, la sun samo asali daga wani malamin coci ɗan Italiya, Guido na Arezzo, wajen shekarar 1030. Shi "ut" ya ce, sai a ƙarni na 17 aka mayar da shi "do", "si" kuma bayansa aka ƙara shi. A ajin Faransanci do ba ya motsi: kullum haƙorin fiyano fari ne da ke hagun baƙaƙen nan biyu. Amma in ka tsallaka Yola ko Mubi, ko ka zauna da mawaƙan cocin da suka tashi a tsarin Ingilishi, do nasu yawo yake yi. Duk sautin da tsanin waƙar ya tashi a kansa shi ne do, kuma suna cewa "ti" a maimakon "si". Ga na uku: jikin fiyanon lantarki da yawancin darussan YouTube haruffa suke amfani da su, inda C shi ne do, D re, har zuwa A da yake la, B kuma si. Ɗalibi ya kan haɗa ukun nan a kwanya ɗaya, malami ya ce masa ya rera sol, shi kuma ya rera na biyar a tsanin da yake ji a ransa. Tun makon farko ka tambayi malam wane tsari ake bi, ka rubuta jadawalin ukun a bangon littafinka.

Shi sauti girgiza ce. La ɗin da ake saita kayan kiɗa da shi girgiza 440 ne a sakan guda. In ka ninka ya zama 880, la ne dai, amma na sama. Wannan tazarar ita ce oktab. Fiyano ya raba oktab gida 12 daidai wa daida, kowane gida rabin taki. Tsanin da ake kira majo ba komai ba ne illa tsarin hawa: 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1, ana ƙirga rabin taki. Wanda ya riƙe lambobin nan bakwai ya huta da haddar da take wahalar da 'yan aji. Ɗauki sol ka gwada. Sol zuwa la biyu ne, la zuwa si biyu, si zuwa do ɗaya, do zuwa re biyu, re zuwa mi biyu, duk lafiya. Daga mi ana bukatar biyu, amma fa ɗaya kawai ya ba ka, dole ka ɗaga shi zuwa baƙin haƙori. Dalilin da ya sa tsanin sol yake da fa diyez ke nan. In ka tashi daga fa kuma, a hawa na uku ana son ɗaya, la zuwa si ya ba ka biyu, sai ka sauke si ya zama bemol. Haka za ka gina duka goma sha biyun da kanka a takarda ɗaya.

Waƙoƙinmu da yawa a tsani mai sauti biyar suke tafiya, irin do, re, mi, sol, la, wanda babu rabin taki a cikinsa. Baƙaƙen haƙoran fiyano su kaɗai tsarin nan suke bayarwa, shi ya sa yaro a situdiyo yake lalubo raujin waƙar Hausa a kansu tun bai san sunan ko ɗaya ba. To, a nan tauyewar take farawa. Masana suna auna tazara da abin da suke kira sent, ma'aunin da Alexander Ellis ya fito da shi a shekarun 1880: oktab sent 1200, rabin takin fiyano sent 100. Tazarar do zuwa sol, in an bar tsirkiya ta ba da ita yadda Allah ya halitta, uku bisa biyu ce, wato sent 702, fiyano kuwa 700 yake bayarwa. Do zuwa mi 386 ne a halitta, fiyano 400. Ke nan shi kansa fiyanon sulhu aka yi da shi, aka ɗan rage nan aka ɗan ƙara can, don a iya kaɗa kowane tsani da haƙora ɗaya. Mai goge bai shiga wannan sulhun ba. Yatsansa yana sauka inda kunnen gidansu ya saba, ko da sent talatin ne ƙasa da mi ɗin fiyano. In ka sa masa manhajar saiti ta waya allurar ta karkata, kada ka rubuta cewa ya kuskure. Ka auna sautin sau biyar ko shida a wurare daban-daban na waƙar. In kullum wajen wuri ɗaya yake faɗawa, nufinsa ke nan, sai ka sa ƙaramar kibiya mai kallon ƙasa a kan alamar, ka rubuta adadin a gefe.

Kuma saitin ma ba ya zama. Fatar goge da ta kalangu suna ɗamewa a hunturu da zafin Maris da Afrilu, sautin ya hau. Da damina su saki, ya sauka, har sai an kara ganga kusa da wuta ko an shanya ta a rana. Don haka abin da za ka rubuta shi ne tazarar da ke tsakanin sautuka. Cewa waƙa kaza "a re take" ba shi da amfani, gobe za ka same ta a wani wurin.

Babban abin da littafin solfej bai tanada ba shi ne harshe. Hausa tana da karin sauti: na sama, na ƙasa, da mai faɗuwa. Wuyan da ake rataya laya da wuyar da ake sha, kari ne kawai ya raba su. "Kai" na mutum a sama yake tsaye, "kai" na jiki faɗowa yake. Ga kuma tsawon wasali, wanda yake raba gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Mawaƙi ba shi da cikakken 'yancin kai rauji inda ya ga dama, domin in ya juya karin kalma ya juya ma'ana. Kalangu ma abin da yake yi ke nan: makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, gajeren bugu da dogo su ba da nauyin gaɓa, sai mai take ya ji an kira shi ba tare da an buɗe baki ba. Tsakanin matsewa da sassautawa akwai zamiya, layuka biyar ɗin da ake rubuta kiɗa a kansu kuma ba su da gidan zamiya, sai dai ka ja layi karkatacce daga wannan alama zuwa waccan. Shawarata ga mai rubuta waƙar Hausa: fara rubuta kalmomin, sa wa kowace gaɓa karinta da nauyinta, sannan ka ɗora raujin a sama. Rabin aikin zai warware da kansa. Wanda ya yi aruli a makarantar ilimi, ya san Kamil da Mutadarak, ya riga 'yan aji nisa a nan ko bai sani ba. Fulatanci kuwa, wanda yake yaren kasuwa a Garwa da Marwa da Ngaundere, ba shi da irin wannan karin, sai tsawon wasali da nauyin gaɓa. Kwatanta yadda rauji yake bin kalma a waƙar Hausa da ta Fulatanci a gari ɗaya, batu ne da ya isa kundin kammala digiri.

Sai lissafin lokaci. A takarda abin da sauƙi: alamar da ake kira rond bugu huɗu ce, bulansh biyu, nuwar ɗaya, kurosh rabi. In ka sa metronom, wato na'urar ƙirga bugu, a 60, bugu ɗaya sakan ɗaya ne. Wahalar tana ga 6/8 da 3/4, waɗanda duka kurosh shida ne, amma na farko uku-uku ake ɗaure su, na biyu bibbiyu. Kiɗanmu sau da yawa yana tafiya da duka biyun a lokaci guda. Zana akwati shida a jere. Hannun dama ya bugi cinya a akwati na 1 da 3 da 5, na hagu a na 1 da 4. Fara a hankali ƙwarai, kana ƙirgawa da baki, sai hannuwan sun daina jiran juna sannan ka ƙara sauri. Wannan zanen akwatin, mai gida 8 ko 12 ko 16, ya fi layuka biyar amfani wajen rubuta ganguna, kowace ganga da layinta. (Wani abin mamaki: bugun ƙararrawar da ya shahara a kiɗan Yarabawa da Ewe, in ka zuba shi a akwati 12, tsarinsa 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1 ne, daidai da tsanin majo.)

Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ɗaukar bugun da ya fi ƙara a matsayin na ɗaya. Uban kiɗa da gangan yake kauce wa bugun ƙasa, can gwanintarsa take. In kana neman inda zagaye yake farawa, dubi ƙafar masu rawa, ko tafin mata, ko ƙaramar gangar da ba ta canja bugu. In ka kafa ɗaya a wurin da ba nasa ba, duk shafin zai cika da alamomin ɗauri, ga wuyar karantawa, ga ƙarya.

Minti talatin kullum ya fi awa huɗu ranar Lahadi. Goma na rera tsani da tazara da bakinka, kana duba kanka da fiyano bayan ka rera, ba kafin ba. Goma na tafi da metronom. Goma na shifta, wato wani ya kaɗa sautuka huɗu ko biyar ka rubuta. A shifta ake faɗuwa jarrabawa, kuma dalilin ɗaya ne: ɗalibi ya yi wata uku yana karatun kiɗa da ido, bai taɓa buɗe baki ba don kunya. Fiyanon lantarki mai haƙora 61 ya wadatar, oktab biyar ke nan. Mai 88 sai wanda zai zama makaɗin fiyano. Ka nemi mai karɓar batir saboda ɗaukewar wuta, ka kuma riƙa lulluɓe shi, ƙurar hunturu tana kashe haƙora ɗaya bayan ɗaya. MuseScore na rubuta kiɗa da Audacity na sarrafa sauti duka kyauta ne.

Darasin sauraro shi ake rainawa, a ce ai kowa yana da kunne. Amma Bahaushe in an sa masa waƙa, magana yake bi, ya ji wa aka yaba, wa aka yi wa zambo, ina habaicin ya dosa. Aikin darasin shi ne ya ɓamɓare kunne daga kalmomi na ɗan lokaci. Ɗauki waƙa ɗaya, kada ta wuce minti huɗu, ka ji ta sau da yawa, kowane ji da tambayarsa. A jin farko ƙirga kayan kiɗa kawai. A na biyu bi ganga ɗaya tak daga farko zuwa ƙarshe. A na uku riƙe agogo ka rubuta minti da sakan da gindin waƙa yake dawowa, da tsawon kowane ɗa, da inda 'yan amshi suke karɓa: suna jira jagora ya dire ne, ko suna hawa kan maganarsa? Sai daga baya ka koma ga rauji, kalmomi kuma su zo a ƙarshe. Da wannan za ka ji abin da ya raba tafiyar kalangun Mamman Shata da kotson Ɗanƙwairo, inda 'yan amshi suke ɗaukar kaya mai nauyi, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos da yake shi kaɗai da tsirkiya ɗaya, ko ƙwaryar Barmani Choge. In aka sa maka simfoni ta Mozart kuma, tambayoyin ba su canja ba: me ya dawo, yaushe, da wane sauyi? Mutanen Njamena da Abeshe suna da wani gwaji a hannu: sa waƙar Masar kusa da ta Khartum. Duka Larabci ne, amma ta Masar a makamat take, mai sautuka da suke faɗawa tsakanin haƙoran fiyano, ta Sudan kuwa galibi tsani mai biyar ne, shi ya sa take shiga kunnenmu ba sallama.

Za a kuma tambaye ka rabon kayan kiɗa gida huɗu, tsarin da masana kiɗa Hornbostel da Sachs suka wallafa a 1914. Tambayar kullum ita ce, mene ne yake girgiza? In jikin abin ne, kamar kuge da ƙwarya, gida ɗaya. Fata, kamar tambari, kotso, taushi, kalangu. Tsirkiya, kamar goge, kukuma, garaya, molo, gurmi. Iska, kamar kakaki, algaita, sarewa, ƙaho. Tarkon da ake ɗanawa: goge yana da fata amma ɗan gidan tsirkiya ne, fatar ƙara sauti kawai take. Haka kundu, jeren itatuwan bugawa na ƙabilar Sara ta kudancin Cadi, itacen ne yake girgiza, goran da ke ƙasa amsa-kuwwa suke.

Tarihin Turai haddar zamuna ce, kuma ba ta da yawa. Barok daga 1600 zuwa 1750, shekarar da Bach ya mutu. Kilasik zuwa wajen 1820, zamanin Haydn da Mozart. Beethoven, wanda ya mutu a 1827, shi ne gada zuwa romantik. Ga kowane zamani riƙe mutum biyu, kiɗa ɗaya da ka ji da kunnenka, da abu ɗaya da ya canja. Ya isa. Abin da manhajar ta kan tsallake shi ne Larabawa sun yi lissafin tazara tun kafin Guido: al-Kindi a ƙarni na 9, al-Farabi da ya rasu wajen 950 ya bar babban littafi a kan kiɗa. A taron Alƙahira na 1932 an zauna ana gardamar ko za a raba oktab gida 24, kuma Bartók da Hornbostel da Sachs duk suna wurin.

Namu tarihin ba a shafi ɗaya yake ba, tsinto shi ake. Tarihin sarakunan Kano ya danganta fara busa kakaki da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Sunan algaita kansa daga Larabcin Magrib ya zo, abin da yake nuna hanyar da ta biyo. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, lamiɗai suka kafu a Garwa da Marwa da Ngaundere, suka ɗauki kayan fada irin na Hausa da Borno, kuma Hausawa da Barebari sun yi yawa cikin masu busa da kiɗan fadojin. Jamusawa sun ci Garwa a 1901, Marwa a 1902, kuma ma'ajiyar sauti ta Berlin da aka kafa a 1900 ta tara rikodin kakin zuma daga ƙasashen da suka mallaka, har da Kamaru. Daga baya kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da faya-fayan Cadi da Kamaru a shekarun 1960, Monique Brandily ta yi aiki a kan kiɗan Teda na Tibesti, David Ames da Anthony King kuma suka tattara kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Ɗan ƙasa da ya kamata kowane ɗalibi ya sani shi ne Francis Bebey, haifaffen Duwala, wanda tun 1969 ya rubuta littafi a kan kiɗan Afirka. Sauran yana bakin tsofaffin makaɗa a unguwannin Hausawa, kuma kullum raguwa suke.

Shi ya sa aikin fili ya fi komai daraja a karatun nan, kuma a nan ake ɓarna mafi yawa. Ranar Juma'a ko hawan sallah a ƙofar lamiɗo za ka ji kakaki da sautukansa biyu, da mai algaita da kumatunsa a kumbure yana shaƙar iska ta hanci ba tare da busar ta yanke ba, amma wurin bai dace da ɗaukar sautin nazari ba, hayaniya da bindiga sun yi yawa. Je ka ji, ka gaisa, ka nemi rana a gida. Kada ka ɗauka da saƙon murya na WhatsApp, yana matse sauti ya zubar da rabin abin da kake nema. Sa manhaja mai ɗaukar WAV, 44.1 ko 48 kHz. Wajen megabait 10 yake ci a minti, don haka share waya kafin ka fita. Kashe saitin da yake daidaita ƙara da kansa, in ba haka ba duk bugun ganga zai danne muryar mawaƙi. Tsaya taki biyu ko uku daga ganga, ka sa a buga mafi ƙarfi don gwaji, ka tabbata ma'aunin ƙara na manhajar bai wuce -6 ba, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Safa a bakin makirfo tana rage iska.

In ganguna uku ne, ɗauke su tare tukuna. Sannan sa wa makaɗi ɗaya abin ji a kunne, kunna masa na taren, ya buga nasa shi kaɗai ka ɗauka, haka har su ƙare. Dabarar da masanin kiɗa Simha Arom ya yi amfani da ita ke nan a Afirka ta Tsakiya, kuma da waya biyu ana yin ta. Wajen rubutawa rage sauri da rabi a Audacity, amma zaɓi rage tafiya ba tare da taɓa sauti ba. In ka rage gudun gaba ɗaya, komai zai sauka da oktab guda. Tsohon kaset kuwa kada ka yarda da tsayin sautinsa ko saurinsa, rediyon da aka kwafa da shi wataƙila batirinsa ya yi sanyi.

Kafin a fara kiɗa, faɗi kwanan wata da gari da sunan kiɗan a cikin rikodin da bakinka, ka bar makaɗi ya faɗi sunansa da na wanda ya koya masa, ya kuma ambaci sassan kayansa da sunayen da shi yake kiransu, kango ne, tsarkiya ce, gula ce. Tambaye shi a fili ko ya yarda a sa a intanet, amsar ta shiga rikodin. Ka tafi da goro da abin hannu gwargwadon hali, domin sana'arsa ce ka tsayar da shi a kai, ka ce masa Baba ko Sarkin Kiɗa yadda mutanensa suke kiransa. In ka koma gida kwafe fayil ɗin wuri biyu a daren, ɗaya kuma ka tura wa ɗansa ko jikansa.